Ni na tauna masa abinci yana jariri, yanzu likita ya ce ƙwayar tana cikina

Assalamu alaikum 'ya'yana na wannan zaure. Admin, murya ce na aiko maka don ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, ka rubuta yadda na faɗa, amma ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin da ban taɓa roƙon kowa ba ke nan, ni ake zuwa tambaya a Tsibiri.

'Ya'ya tara na haifa, bakwai sun rayu, kuma dukansu da bakina na yaye su. Haka muka taras, uwa ta tauna tuwo ko nama ya yi laushi ta sa wa yaro a baki. Autana ya fi kowa shan wannan gata, har ya shekara uku sai na tauna yake ci. Ya girma yana sayar da hatsi a Maraɗi, ya yi gida nan unguwar Zariya, ya auro 'yar Jiratawa mai boko. Da ta haihu na je zaman jego, daga baya na fara tauna wa jikata, sai ta ce, "Inna, don Allah ki bari, a asibiti sun hana." Na ce mijin da kike taƙama da shi da wane baki ya girma? Ni kuwa ban bari ba, in ta shiga madafa sai na ba yarinyar, shekara guda ina haka.

Shi Auta ya daɗe da ciwon ciki, kanwa nake jiƙa masa. Shekarar da aka rufe iyaka sai ya kama ramewa, loma biyu ya ƙoshi, ga amai. Nan na yi abin kunyar. A wani suna a Jiratawa, gaban uwarta da gwaggwanninta, na ce ita ta ba shi wani abu a abinci don ta mallake shi. Ba a ɓoye na faɗa ba, tsaye nake, kuma na iya magana, duk wanda ya ji ya ɗauka. Tun ranar ba ta ƙara kallon idona ba, amma ba ta fasa aiko mani da tuwo ba.

Aka kai shi Yamai, aka zura masa tiyo mai ido ta baki, aka ce ciwon daji ne a tumbi. Da suka dawo na hau kabu-kabu ni kaɗai na je wurin likitan da ke duba shi a nan, in ji sunan gubar. Ya ce, "Hajiya, ba guba ba ce." Wai wata ƙwayar cuta ce, galibi tun yarinta take shiga, ta ruwa ko ta yawun na gida, ta zauna shekaru tana gasa tumbi. Wai a cikin naman mutum akwai rubutu mai tsaron jiki kada ya yi tsiron banza, wannan gasa tumbin shi ke sa a liƙe rubutun. Na ce kamar a liƙe bakin rumbu da laka, hatsi na ciki amma ba a ɗiba? Ya yi dariya ya ce na riga ɗalibansa ganewa. In an kashe ƙwayar da wuri rumbun bai liƙu ba, in an daɗe, ko ta mutu wata lakar ba ta ɓamɓaruwa.

Na ce a auna ni. Tana cikina. Ya ce kada in ɗora wa kaina, mutane da yawa na da ita lafiyarsu ƙalau, ba mai rantsuwa daga wurina Auta ya samu. Amma ya tambaye ni ko akwai yaron da nake ba abinci da baki, don a sa masa ido. Na dubi bawan Allahn nan na ce babu.

Takardar awon tana ƙulle a haɓar zanena kwana ashirin, ko maganin da ya rubuta ban karɓo ba don kada a tambaye ni na mene ne. Auta yana kwance, matar da na kira mai guba ita ke kwashe amansa.

Yanzu mi zan yi? In na faɗa, na tona cewa na ci amanarta a kan ɗiyarta, kuma ƙazafin da na yi mata ya dawo kaina. In kira ta ɗaki mu biyu, ko sai na koma Jiratawa na tsaya inda na tsaya na warware? Shi kuma maras lafiya, a gaya masa ko a bar shi? Ku faɗa mani gaskiya, kada ku duba furfurata. Jiya na shiga gidan Auta da nama a ƙunshi, yarinyar ta rugo ta riƙe gwiwata ta buɗe mani baki, na kawar da kai, ta yi ta kuka, uwarta na tsaye tana kallona.