Akwatin da Ya Ƙi Kawo Tafsiri

Daren Talata, uku ga azumi. Unguwar Arkilla.

Yau na ji kunyar Baba. Tun da ƙafarsa ta shanye bai sake zuwa tafsiri a Ƙofar Atiku ba, shi da ya yi shekara da shekaru a sahun gaba. Da na ji ana watsa tafsirin ta intanet, na sayo akwatin da ake jonawa da talabijin, na yi mishi alkawari yau zai kalli tafsirin daga gida.

La'asar na yi, ya sa anka taimaka mishi ya yi alwala, ya naɗa rawani, har da turare. Na kunna. Ƙwallo, finafinai, duk akwai, ban da manhajar da ake tafsirin. Na kira mai shago, wai wanga samfurin bai ɗaukarta. Mi ya hana shi faɗi tun farko? Ni kuma mi ya hana ni gwadawa jiya?

Na buɗe tafsirin a wayata, na miƙa ma Baba. Ya kai ta kusa da ido, ya maido.

"Bari, ɗiyata. Ban ganin kowa."

Da faɗa ya yi, da na samu sauƙi. Sai ya warware rawanin a hankali, ya miƙo mini.

"Adana shi. Ya gama aikinai."