Likitan Hawa na Tara

Garki, Abuja.

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu, Paikon Kore.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da yara da doyar bana. Obadiah maigadi ke rubuta min, tunda kunnenki ya daina jin waya.

Kin san ɗana Nasrullahi ya kawo ni a cire min yanar ido. An ce in watan nan ya wuce, na hagun ma zai bi na daman. To likitan yana hawa na tara. Wai sai an shiga wani akwatin ƙarfe da suke kira lif, ba taga, ba direba, igiya kawai ke riƙe da shi. Na ce ba da ni ba. Na gwada matakala, gwiwa ta ajiye ni a hawa na biyu. Na ce likita ya sauko, ai shi ne yaro. Nasrullahi ya yi dariya a gaban mutane, yaron da na goya a wuya har gona.

Laraba ina dawowa. Gara makanta a ƙasa da ido a rataye.

Ni ne yayanki,
Maitama.

*

Paikon Kore.

Yaya, ina gaishe ka da girmamawa. Doya ta yi, alhamdu lillahi.

Na karanta takardarka har na ƙware da kunu. Kai ne fa mai hawa ƙololuwar rimi cire zuma. Kuma shekarar da rijiya ta rufta da kai, wa ya tsare ka har aka haƙo ka? Ko ka ɗauka Allah Ya raka ka Gwagwalada ne Ya juyo?

In ka dawo makaho da gangan, ba ni ba jan sanda. Kuma ranar kasuwa kowa zai ji cewa akwati ya koro ka daga Abuja.

Allah Ya ƙara lafiya. Ƙanwarka,
Safiyatu.

*

Safiyatu, ina gaisuwa, duk da bakinki bai canza ba tun kina rarrafe.

Na shiga. Ba don maganarki ba, dama na yi niyya. Nasrullahi ya tsaya amsa wayar ogansa, ƙofa ta rufe da ni da wata nas mai suna Clara. Akwatin ya fara hawa da mu. Muna tsakanin shida da bakwai aka ɗauke wuta. Abin ya yi gib, ya tsaya.

To ki ji ikon Allah. Wadda ta shekara goma tana hawansa ita ta fara kuka, tana dukan ƙofa, wai duhu. Ni kuwa da na shekara biyu kusan a cikin duhu, sai na ji kamar ina ɗakina. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa. Ta tambaye ni da Hausarta ta Abuja ko Baba ba ta jin tsoro. Na ce mata ni namiji ne, ta gyara.

Sannan na ce, “’Yata, zauna. Wanda Ya riƙe ni a gindin rijiya bai manta hanyar nan ba.”

Ta zauna. Ta yi addu'arta, na yi tawa, na ɓara goro muka raba. Da injin wuta ya tashi, ita ke riƙe da hannun rigata. Ƙofa na buɗewa na ji muryar Nasrullahi yana haki, ashe hawa tara ya yi da ƙafa yana kiran Baba. Na tambaye shi ko yanzu ma abin dariya ne.

Obadiah ya ce wai a rubuta cewa wandona ya jiƙe. Ruwan gorar Clara ne ya zube. Na hana shi rubutawa.

Gobe za a yi aikin.

Yayanki,
Maitama.

*

Safiyatu, gaisuwa.

An buɗe ido yau, ina gani. Fuskar da na fara gani ta Nasrullahi ce. Ashe yaron nan ya yi furfura, kuma duk cikinku ba wanda ya gaya min. Na daɗe ina kallonsa, na rasa faɗan da zan yi masa.

Asabar ina tafe. Ki share tsakar gida da kyau, yanzu ba a ɓoye min komai.

Sai na zo,
Maitama.