Baba, Batirin Mota Ba Ya Tsayawa a Sha Biyu

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan rahamar Allah ta lulluɓe ka a inda kake. Bayan haka:

A garejinmu na Kagarawal, wa ya taɓa ɗora mita a kan batir alhali mota tana kunne? Kai nake tambaya, ko da yake na san amsa ba za ta zo ba. Ina kuma tambayar duk mai wayarin mota da ya leƙo wannan shafin, daga nan har Kasuwar Gombe. Wanda ya taɓa yi ya ɗaga hannu.

Yau kwana huɗu ban zauna a bencinka ba. Ƙaninka Bappa Sale ya karɓe makullin akwatin kayan aikinka, ya ce kada in sake taka garejin sai na tsaya gaban kowa ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci, na ce ƙarya na yi maka. In ban faɗa ba, in nemi wata inuwar. Bari ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ka tuna gwangwanin madarar da kake tara resista a ciki? 'Yan ƙananan abubuwan nan masu zanen launi a jiki, da ake sa wa fitilar LED don kada wuta ta yi mata yawa. Ba ka karanta ko baƙi ɗaya na boko ba, amma kana zuba su a tafin hannu ka zaro wadda kake so. Kana cewa, “Ƙasa, ciyawa, ƙasa. In ka haɗa ƙwan fitila uku a jere, ita ce abokiyarsu.” Ruwan ƙasa, kore, ruwan ƙasa. Sai da na girma na gane launukan lambar ƙarfinta ne, om ɗari da hamsin kake nufi. Duk wanda ya koyi aiki a hannunka ya haddace wannan kamar karatun allo.

To, Baba, aiki ya canza bayanka. Yanzu kowa so yake a jera masa fitilu a ƙarƙashin kujera, a gefen ƙofa, a ƙasan dashbod, mota ta koma kamar ɗakin biki. Kuma ba a kashe su. Mutum zai kunna tun daga Gombe har Bauchi.

Akwai wani Malam Yakubu, ma'aikacin gwamnati a unguwar Madaki, mutum mai haƙuri. Sau biyu yana dawo mana da motarsa. Fitilun su yi sati biyu suna ƙyalli, sai su fara kyaftawa, sai su mutu ɗaya bayan ɗaya. Bappa ya ce kayan Emeka ne marasa kyau. Ka san Emeka, mai shagon kayan wuta a kasuwa, wanda aka haifa a nan, Hausarsa ta fi tawa. Na je na sauke masa kwandon masifa. Ya bar ni na gama, ya ce, “Habu, babanka shekara nawa yana saye a wurina bai taɓa dawo da kaya ba? Je ka duba hannunku.”

Maganar ta ci ni. Ka san ban wuce aji huɗu ba. Da takardun cikin kwalin kaya na koyi karatu, kana yi mini dariya kana ce mini malamin kwali. Na zauna da wayata kwana uku, ina karantawa ina komawa baya, kalmar da ta fi ƙarfina in tsallake. Sai na ci karo da abin da ya sa na miƙe tsaye. Na ɗauki mita na ɗora a batirin motar Malam Yakubu tana kashe: sha biyu da ɗan ɗoriya. Na tada ta. Sha huɗu da wani abu. Na kashe, na sake tadawa, ko idona ne. Sha huɗu.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Ƙwai uku suna cin wajen volt tara. In batir sha biyu ne, saura uku, resistarka ta shanye su lafiya. In inji ya tashi, saura ya haura biyar, wutar da ke bi ta cikin ƙwan ta kusa ninkawa. Dafa su muke yi, Baba. Muna gwadawa mota a kashe, mun rufe ta da tamfol don mu ga haske, kwastoma ya yi murmushi, ya tada mota ya tafi yana dafa fitilunsa a hanya.

Na koma wurin Emeka na nemi resista mai om ɗari biyu da saba'in, mai jan zane a farko. Sai da ya hau kujera ya sauko da ita daga can saman kanta, don ba mai tambayarta. Na faɗa wa Bappa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce waya ta fara koya mini rashin kunya.

A nan na yi abin da bai kamata ba, ba zan ɓoye maka ba. A motar Malam Yakubu, gefen dama na sa irin taka kamar yadda Bappa ya ce. Gefen hagu na sa tawa, ban gaya wa kowa ba.

Bayan sati uku Malam Yakubu ya dawo. Ya ce na hagu ba su kai na dama haske ba, amma suna nan daram, na dama kuwa sun sake mutuwa. Bappa ya ɓalle murfin hagu, ya ga jan zane. Na zaci zai ce in zo in nuna masa. Sai ya ɗaga ta sama gaban mutane kamar ya kama ɓarawo, ya ce yayansa ya bar musu lamba, wane ne ni da zan gyara wa mamaci aiki. Ni kuma ka san bakina. Na ce, “Ko Baba ne ya sa wannan, kuskure ne.”

 Har mai walda ya kashe injinsa.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ajiye mini abinci ta ce, “Sunansa ka kira a cikin rigima.” Da ma duka ta yi mini.

Kwana huɗun nan ina zaune ina juya abin, sai na tuna irin aikin da kake yi. Fitilar silin ce kawai. A buɗe ƙofa ta kama, mutum ya nemi makullinsa ko takalmin 'yarsa, a rufe ta mutu. Minti ɗaya, mafi yawa inji a kashe. A wannan aikin lambarka daidai take, shi ya sa ba a taɓa dawo maka da mota ba. Ba ka yi kuskure ba, Baba. Ni na yi, da na jingina maka shi.

Na kuma tuna yatsanka. Ba ka taɓa rufe aiki ba sai ka ɗora ɗan yatsa a kan resista, ka yi shiru kamar mai jin zazzaɓin jariri. Kana cewa, “Hakkilo, Habu, yi hattara. Abin da ya yi zafi magana yake yi.” Da kana nan, ranar farko da aka tada motar nan za ka janye yatsa ka ce a kawo gwangwani. Bappa ya gaji lambar, ya bar yatsan. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: da sunanka ake hana ni yin abin da kai ka koya mini.

Ranar Juma'a zan je. Zan durƙusa gaban Bappa in ba shi haƙuri kan bakina, da kan ɓoye masa da na yi, don ubana ne bayanka. Zan ce na yi maka ƙazafi. Amma ba zan ce batir yana tsayawa a sha biyu ba, ko da bencin zai tafi. Ina son bencin nan, Baba. Har yanzu akwai ƙunar da ƙarfenka na narka dalma ya yi a gefensa, nan nake ɗora gwiwar hannuna.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sa aikin da ka yi wa mutane da gaskiya ya bi ka. Ni kuma ya sanyaya mini harshe.

Ɗanka,
Habu

Bappa Sale, na san za a karanta maka wannan kafin la'asar. Ranar Juma'a kowa zai hallara, kai ka tara su. Ka zaɓi motar da kake so, ka riƙe mitar da hannunka, ni zan tada inji. Lambar da ta fito, ka faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji. Za ka riƙe mitar, ko ba za ka riƙe ba? Ka amsa a nan, inda mutane ke gani.