Tagwayen Tudou

Shanghai, 3 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, gwiwar nan kuma ta sassauta. Ga wasiƙa a takarda, tunda ka rantse ba za ka karanta saƙon waya ba.

Baba, albishirinka. Cikin zane arba'in da aka kawo don kwandalar azurfa mai hoton dabbar panda ta baɗi, saura uku, kuma nawa na ciki. Shekara tara ina gidan buga kuɗin nan ina gyara wa wasu zanensu, sai bana aka waiwayi nawa. In aka zaɓe shi, zai shiga akwatunan masu tara kwandaloli har a ƙasashen da ni da kai ba mu iya faɗin sunansu ba.

Ga hoton samfurin. Uwa ce zaune cikin gora, ta rungume jarirai biyu a ƙirji. Inda gashi yake fari za a bar azurfar dishi-dishi, inda yake baƙi a goge ta sai ta yi ƙyalli. Kwamiti zai zauna ƙarshen Afrilu. Kai da ka yi shekara talatin da ɗaya kana kiwonsu, duba min kunnuwa da tafin ƙafa.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Yalan

Ya'an, 12 ga Maris

Yalan,

Na gaishe ki. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan.

Murna ta sa ban tsaya duba hoton da kyau ba, na zura takalmi na nufi gidan shayi. Na ajiye shi gaban tsoho Zeng, wanda muka yi kiwo tare, na ce, "Kalli aikin 'yar Ran." Ya sa tabarau, ya cire, ya ce, "Ran, wannan 'yar taka a ina ta ga panda? A jikin ledar alewa?" Duk tebur ya ɗauka da dariya. Sai na karɓa na duba da kyau.

Kunnuwa sun yi, tafin ƙafa ya yi. Amma zanen ƙarya ne. Panda ba ta rungumar jarirai biyu. In ta haifi tagwaye ɗaya take ɗauka, ta bar ɗayan a ƙasa. Me kike tsammani na yi duk shekarun nan? Pandarmu Tudou kaɗai sau huɗu tana yi mana tagwaye. Ɗaya yana ƙirjinta, ɗaya yana kwalbar ɗumama jarirai. Sai in miƙa mata kwanon ruwan zuma, tana lasa in zare na ƙirjin, in sa mata na kwalbar. Wata rana sau goma. Haka muka raya su, ba da rungumar da kika zana ba.

Wannan dabba ita ce fuskarmu a duniya. Ba za a buga mata ƙarya a kan azurfa da sunan gidan Ran ba. Ki gyara.

Na sa miki barkono da ganyen shayi a kwali.
Babanki

Shanghai, 20 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Barkono ya iso, na gode.

Jarirai biyun nan su suka kawo ni cikin ukun ƙarshe. Shugabar sashenmu, Madam Kuang, ta ce min, "Yalan, kar ki taɓa ko ganye ɗaya. Mutane iyali suke so su gani." In na canza yanzu, sai dai in jira wata shekara tara.

Kuma kar ka koya min cewa ɗaya ake ɗauka. Na sani tun ina ƙarama. Ranar da ƙyanda ta kwantar da ni asibiti, kana wajen tagwayen Tudou. Ranar da na gama makarantar zane, kujerarka Mama ta ɗora wa jaka. Har ranar da muka kai Mama makwancinta, da yamma ka koma cibiyar kiwon panda, wai babu mai hannun da Tudou ta yarda da shi sai kai. Abokaina suna cewa, "Kai, babanki ne mai panda? Kin more!" Ni kuwa ina kishi da dabba, ina jin kunyar faɗa.

Na san ba ta rungumar biyu. Na zana ne don in ga an rungumi biyu ko sau ɗaya, ko da a kan ƙarfe ne. Abin ya yi min zafi da ka ce ƙarya, domin kunyar Zeng ka ji, ba tawa ba.

Ka kula da gwiwarka.
Yalan

Ya'an, 2 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki. Kwana biyar wasiƙarki na aljihuna. Gidan shayin ma ban je ba.

Ba zan musa ko layi ɗaya ba. Jariran Tudou na iya juya su sau goma a wuni, kowa ya sami rabonsa na ƙirji. Ke na bar ki hannun mamanki na ce gobe, goben ta yi ta gaba har kika hau jirgin Shanghai. Ban juyo kanki ba. Laifina ne, kuma ina jin ciwonsa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don Zeng zai ce tsufa ne. Kin san ɗan yatsana na dama da ya karkace. Tudou ce ta tauna shi a haihuwarta ta farko, ta kama ni ina zare mata ɗa. Amma a haihuwa ta uku, wata safiya na zo da kwanon zuma, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta shinshina jaririn da ke hannuna, ta sassauta hannu daga na ƙirjinta, ta bar ni na ɗauka. Ashe ta sani. Ta san biyu ne, ta san ba ta iya riƙe su, sai ta yarda da hannun wani.

Shi ya sa zanenki ya tsaya min a rai, ba don Zeng ba. Ya share abin da ta yi, wanda a wurina ya fi runguma wahala. Amma aikinki ne, sunanki ne. In kin bar shi haka, zan sayi kwandalar, in kuma ce ta 'yata ce a gaban kowa.

Ki ci abinci sosai.
Babanki

Shanghai, 29 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa. Zauna kafin ka karanta.

Na fasa samfurin na sake wani cikin kwana goma sha takwas. Madam Kuang ta leƙo ta ce, "Ke lafiyarki kuwa? Ana miƙo miki kujera kina sare mata ƙafa?"

Yanzu uwar jariri ɗaya take rungume da shi. Ta juya kai tana shinshinar na biyun, shi kuma yana kwance cikin tafin hannun mutum da ya shigo daga bakin kwandalar. Hannun kawai, ba fuska.

Jiya kwamiti ya zauna. Wani dattijo ya ce, "Yarinya, me hannun mutum yake yi a kwandalar panda?" Na miƙe, na ba su labarin ruwan zuma da kwalba. Na ce, "Ranka ya daɗe, duniya na yaba mana da cewa panda ba ta ƙare ba. To wannan hannun ne dalili." Ya ce, "Wannan yatsan kuma da ya karkace, sai a miƙe shi." Na ce, "In aka miƙe shi, na janye zanena."

Biyar suka ɗaga hannu, huɗu suka ƙi. Baba, an zaɓi nawa! Na fita baranda na yi kuka son raina, ban taɓa jin girman kaina kamar jiya ba.

In an buga zan aiko da ta farko da ta zo hannuna. Za ta zo cikin ƙoƙon roba, kar ka buɗe. Yatsa ɗaya ya taɓa azurfar, tabon ba ya fita, masu tarawa kuma ba sa kallonta.

'Yarka mai alfahari da kai,
Yalan

Ya'an, 18 ga Nuwamba

'Yata Yalan,

Na gaishe ki. Kwandalar ta iso.

Na kai ta gidan shayi. Zeng ya sa tabarau ya ce, "Aiki ya yi, sai dai injinsu ya lanƙwasa yatsa." Na shimfiɗa hannuna a tebur kusa da ita. Ranar shi ya biya shayin kowa.

Na buɗe robar, na taɓa. Masu tarawa su yi haƙuri, ba tasu ba ce.

Na yanki tikitin jirgin ƙasa, Alhamis da rana zan sauka Shanghai. Ban yanki na dawowa ba. Kamar jariran Tudou, juyi ya zo kanki, ko da ya makara shekara talatin.

Babanki