Bargo Ne, Ba Abinci Ba

Laraba, 8 ga Janairu

'Yata Lesia ta koma birnin Winnipeg da safe. Ta bar min firji cike da abincin da ba zan ci ba, da takardar gidan tsofaffi na garin Dauphin a kan teburin kicin, ta danne ta da kwanon sukari, wai kada iska ta ɗauke. Wace iska a cikin kicin?

Sharaɗinta ɗaya ne. Tana ɗaure igiyar takalmi ta faɗa, ko kallona ba ta yi ba: "Mama, ranar da motar nan ta ƙi tashi kina ke kaɗai a gonar nan, magana ta ƙare, ki haɗa kayanki." Na ce shekara tara motar nan ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ta ce, "Ai da Baba na nan." 'Yar da ka haifa ita ta san inda ƙashinka ya taɓa karyewa.

Wata uku ke nan da binne mijina Metro. Na rufe ɗakunan sama, na dawo kwana a falo kusa da murhu. Gidan ya yi min yawa, amma nawa ne.

Juma'a, 10 ga Janairu

Sanyi ya kai digiri talatin da ɗaya ƙasa da sifiri.

Na je akwatin wasiƙu kamar kullum, kilomita uku. Na kashe inji a can don kada mai ya ƙone a banza, na bar rediyo ina jin sanarwar mutuwa ta tsakar rana, yadda muka saba ni da Metro. Mutum biyu na sani a ciki. Da na tayar da mota sai ga rubutu a allon gaban sitiyari: an shiga yanayin tanadin batir. Kujerar da ke ɗumama min baya ta huce, iskar hita ta koma kamar numfashin kyanwa.

Tanadi ba baƙona ba ne, da shi aka raine ni. Amma ban taɓa jin mota ta yi shi da kanta ba.

Ina isowa gida na jona ta. Shekara hamsin da biyu, duk lokacin sanyi, Metro zai shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga hula ya ce, "Stef, jona ta ta ci abinci." Ni kuma in fita in kama igiyar da ke leƙowa daga hancin mota in cusa a soket. To, ta ci ta ƙoshi. Gobe ma gani.

Asabar, 11 ga Janairu

Rubutun yana nan.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ban je coci ba. Lesia ta bugo, tambayarta ta biyu ita ce mota. Na ce lafiyarta lau, har ta fi ni. Rabin maganar gaskiya ne.

Kakata tana da tatsuniyar wata mata da tukunyarta ta tsage, sai ta juya tsagar wajen bango don kada baƙi su gani. In ta kawo nan sai ta tsaya, ta gyara ɗankwali, ta bar mu muna jira, sannan ta ce, "Ruwa dai bai san bango ba." Muna yara dariya muke yi wa matar.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana biyu cur na bar ta a jone, in yunwa ce ai ta isa ta ƙoshi. Da na murɗa makulli sai da ta yi nishi sau uku kafin ta kama, irin nishin Metro in zai tashi daga kujera.

Na ɗauko littafin motar daga aljihun gaba. Shafi ɗari huɗu, rubutu kamar ƙafar tururuwa. Na sa tabarau, na ƙara da gilashin da nake zura zare a allura. Abin da na gane: in ƙarfin batir ya yi ƙasa, mota na kashe wasu abubuwa da kanta. Me ya sa ya yi ƙasa alhali tana jone dare da rana? Littafin ya ce a tuntuɓi masana. Na gode.

Na ɗauki dutsen guga na kai gareji na gwada soket. Ya yi zafi. Ba soket ba ne.

Na gaji. Shayi da burodi, shi ke nan.

Laraba, 15 ga Janairu

Nettie Sawchuk ta zo da miyar kabeji a tukunya. Gonarta ce ta gaba da tamu, kuma tun muna aji ɗaya bakinta bai taɓa hutawa ba. Ta tarar da littafin motar a buɗe, ba yadda zan yi, na gaya mata.

"Ki kai wa Lorne bakanike mana."

Na ce matar Lorne ajinsu ɗaya da Lesia, kafin in fito daga garejinsa labari ya kai Winnipeg.

"Au, gara ki daskare a ramin gefen hanya da asirinki a rufe? Sai a karanta ki a rediyon tsakar rana, mu ce wayyo, Stefania, mace mai sirri."

Na ce ta kwashe tukunyarta ta tafi. Ta ce sai na cinye tukuna, ta ja kujera ta zauna tana kallon bakina. Tsohuwar banza. Miyar ta yi daɗi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Yau na sha kunyar da ban sha irinta ba tun ina amarya.

Na lallaɓa garejin Lorne Kuzyk a cikin gari, kilomita goma sha ɗaya a hanyar tsakuwa, ban wuce gudun kilomita arba'in a awa ba. Lorne na sani tun yana zuwa taya mu girbi yana cin na mutum uku. Yanzu kansa ya yi furfura, tumbi ya riga shi fitowa ƙofa.

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Na ce kuma kada ya ce ban ba ta caji ba, kwana bakwai tana jone. Ya tsaya da tsumma a hannu.

"Jone da me, Misis Bodnar?"

Na nuna masa igiyar. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya juya baya yana tari. Ba tari ba ne, na haifi yara, na san tari.

Da ya gama ya ce, "Wannan igiyar ko gaisawa ba sa yi da batir. Wani ɗan hita ne a jikin inji, yana ɗumama shi don ya yi saurin tashi da safe. Bargo ne, ba abinci ba."

Na ce Metro cewa yake ta ci abinci.

"Allah ya jiƙansa, ai har kare yana ce wa ranka ya daɗe."

Shekara hamsin da biyu ina lulluɓa wa mota bargo ina zaton tuwo nake ba ta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya ɗaga murfi, ya maƙala wasu wayoyi. Ya ce altaneta, wato abin da ke yi wa batir caji in inji na aiki, lafiyarsa ƙalau. Batir ma bai tsufa ba, yunwa ce kawai. Ya tambayi ina nake zuwa da ita. Na ce akwatin wasiƙu. Sai kuma ina? Na ce akwatin wasiƙu. Da na ambaci rediyo da inji a kashe, ya dafe kai.

Yadda ya kwatanta: duk tayarwa ɗaya a wannan sanyi, mota na ɗibar buhu guda daga rumbu. Tafiyar kilomita uku, da hita da ɗumin kujera da fitilu duk a kunne, ko mudu ba ta mayarwa. Ga rediyo na tsakura ta gefe. Da motar ta ga rumbu ya kusa ƙasa, sai ta fara kashe abin da za a iya rayuwa babu shi, ta adana ɗan abin da ya rage don ta iya tashi gobe. "Ba lalacewa ta yi ba," in ji shi, "dabara take yi. Rubutun nan gargaɗi ne. Amma in kin ga jan hoton batir ya kunnu kina cikin tafiya, wannan caji ne ya tsaya gaba ɗaya. Ki kashe duk abin da za ki iya, ki nufo nan, kada ki tsaya gaisuwa."

Mai kashe ɗaki ɗaya bayan ɗaya don ta kai gobe. Na ce masa na san irinta. Bai gane ba, gara haka.

Ya kankare wani farin gari daga kawunan batir, ya ɗora shi a na'urar cajinsa, na zauna awa uku ina shan kofi mai ɗanɗanon taya. Sannan ya kawo maganin: kwalta. Minti arba'in ko fiye, ba tsayawa, sau biyu a mako har sanyi ya wuce.

Ban gaya masa ba. Rabona da tuƙi a babbar hanya tun Lesia na goye. Da zarar mun kai kwalta Metro ke karɓa, ba wanda ya taɓa cewa komai, haka kawai muke.

A bakin ƙofa na ce, Lorne, matarka. Ya ce, "Wace mota? Ni yau ban ga kowa ba."

Asabar, 18 ga Janairu

Na wuni ina fushi da mamaci. Kalma ɗaya, Metro. Da ka ce bargo, me zai rage ka?

Litinin, 20 ga Janairu

Na kai mahaɗar kwalta. Na tsaya a alamar tsayawa na kunna sigina. Manyan motocin hatsi na wucewa, kowace ta watsa min farar ƙura ta girgiza ni. Na ƙirga bakwai. Wani a bayana ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, sannan ya kewaye ni yana ɗaga min hannu, wanda ya fi zagi ciwo.

Na juyo gida. Kilomita goma sha shida duka, ba su kai mudu biyu ba a lissafin Lorne.

Talata, 21 ga Janairu

Ban fita ba. Na karanta takardar gidan tsofaffin tun daga farko har ƙarshe. Ana ba da abinci sau uku, akwai mai wanke zanin gado, akwai bas ran Talata. Ba wanda zai ce ki hau kwalta. Gaskiya ba su yi ƙarya ba, wurin hutu ne.

Shekara saba'in da shida. Wa nake yi wa taurin kan?

Alhamis, 23 ga Janairu

Nettie ta bugo da sassafe, wai likita ya ɗiga mata magani a ido ya hana ta tuƙi, ga shi matan coci na jiran ta a Dauphin, ranar naɗe pirohi ce, ƙullun fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, dozin ɗari biyu za su yi don kuɗin gyaran rufi. "In ba ki kai ni ba, sai in ce musu ke kika hana Allah rufi."

Idon nata ban ga abin da ya same shi ba. Tun daga nesa ta hango min barewa.

A mahaɗa na sake tsayawa. Ta ce, "Stef, jiran me kike, bazara?" Na ce akwai mota. Ta ce, "Waccan tana can lardin Saskatchewan tukuna. Taka!" Na taka.

Gudun saba'in na riƙe, motoci sun yi layi a bayana kamar rakiyar gawa. Nettie na juyawa tana ƙirga su da ƙarfi. Na ce in ba ta rufe baki ba zan sauke ta a dusar ƙanƙara. Ta ce ai sai na iya tsayawa tukuna. Wuyana ya sage, ban ga komai ba sai farin layi, minti hamsin da biyar.

Na yi niyyar jira a mota. Sanyi ya kore ni ciki. Suka ba ni kujera da kwanon ƙullu, ba wadda ta yi min fuskar ta'aziyya, sai wata ma da ta ce bakin pirohina ya yi kauri. Nawa! Na nuna mata yadda ake matse shi.

Na dawo gida. Allon bai rubuta komai ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Kwalta, zuwa da dawowa, ni kaɗai. Gudun tamanin. Ba abin rubutawa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Dauphin. Idon Nettie ya warke ta hanyar mu'ujiza, amma ta ce motata ta fi ɗumi.

Lesia ta bugo hannuna duk gari. Ta ji hayaniya ta ce, "Mama, ina kike?" Na faɗa mata. Ta ce wa ya kawo ni. Na ce ƙafata ta dama. Sai na ga tunda an fara gara a ƙarasa, na gaya mata rubutun allo, da Lorne, da bargo. Sai ta fashe da dariya, ko kuka, a waya duk ɗaya ne. Ta ce ita ma duk zamanta a gida ta ɗauka caji ne. Daga ƙarshe ta ce, "To, mu ga bazara." Na ce mu gani.

Bayana na ciwo, kuma har yanzu ba na son manyan motocin nan. Matan coci sun zagayo da takardar watan Fabrairu, na sa sunana a Alhamis huɗu. Lorne ne ya ce sau biyu a mako, ba ni na ce ba.