Mai Gyaran Laima da Ƙaryar da Na Yi wa Inno

Zuwa ga Mastura, sanyin idona, hasken unguwar Sa'alaba, iskar teku mai shigowa bayan la'asar idan Jidda ta gama gasa mu. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa ƙofa amma ya ƙi barin bakinta. Yaya Inno da ƙafa? Yaya yayanki Husaini, wanda ya tona mini asiri kuma har yau yake barci lafiya?

Yau kwana goma sha tara rabona da gidanku. Saƙonnina kina buɗewa, ina gani, amma babu amsa. Shi ya sa na rufe shago da wuri, na wanke baƙin man mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, daga hannuna, na ɗauki biro. Da Hausa na rubuta, ba da Larabcin da muka saba ba, kuma zan gaya miki dalili kafin in ajiye biron.

Bari in fara da laifina, ba zan lulluɓe shi da daɗin baki ba. Kin san al'adar gidanku. Duk Juma'a bayan la'asar a kunna fim a falo, Inno kakarki ta miƙe ƙafa kusa da butar shayi, wani ya zauna daf da kunnenta yana mayar mata da maganar 'yan fim Hausa, tunda ba ta jin Turanci, rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasan talabijin kuma idonta ba ya kama shi. Shekaru Husaini ke wannan aiki. Ranar da ya tafi Makka aka ce ni zan zauna a wurinsa, kowa ya san ma'anar abin: an fara ɗaukata ɗan gida. Inno har angonta take kirana, tana tsokanarki wai ta riga ki.

Sai aka ce in zaɓi fim, ni kuwa na rasa abin ɗauka sai na wanda ke saman jerin nan naku. Ina nufin jerin daraktocin finafinan Ingila da aka fi tsana, wanda ke da ƙawayenki Ruba da Haifa kuka tara wa ƙuri'a a zaurenku na waya. Na haddace shi. Na uku shi ne daraktan da ke cika fim da mata masu manyan riguna suna gulmar gado a gida mai ɗaki arba'in. Na biyu wanda 'yan dabansa na Landan ke magana kamar da goro cike a baki, har mai rubuta fassarar Larabci ya gaji ya bar layi babu komai. Na ɗaya kuwa, da rata mai nisa, shi ne wanda kuka raɗa wa suna Malam Ruwan Sama, don ba a taɓa ganin rana a fim ɗinsa ba. Haifa ta ce duk wanda ya kalle shi har ƙarshe a ba shi lambar yabo ta haƙuri. Ke kuma kika rubuta cewa awa uku kika yi kina jiran namiji ɗaya ya buɗe baki, shayinki ya huce, shi bai buɗe ba.

To me ya kai ni? Ki tuna labarin, abar ƙaunata. Wani mai gyaran laima ne a garin da ruwa ba ya ɗaukewa. Wata mata takan kawo masa laimarta duk mako, ya gyara, ya miƙa mata, su kalli juna, ta tafi. Shekara da shekaru haka. Ku kun ga ɓata lokaci, ni kuwa kaina na gani. Shekara biyu ina hawa benenku da jakar kayan aiki ina gyara mukayyif ɗin falonku, wanda a cikin kira goma, bakwai lafiyarsa ƙalau, waya ɗaya ce kawai take kwancewa. Ban taɓa tambayar wa ke kwance ta ba, yau ma ba zan tambaya ba. Ina dai tuna ranar da kika miƙo mini ruwan sanyi ina kan tsani, na karɓa, na buɗe baki zan faɗi abin da ke cina, sai na ji kaina ina ce miki a riƙa wanke matatar duk wata.

Minti ashirin da fara fim Inno ta zungure ni tana tambayar me mutumin ya ce. Na ce bai ce komai ba. Ta sake tambaya, na ce har yanzu shiru. A karo na uku ta fara hamma, na hango ki a bakin kicin riƙe da faranti, kina yi mini kallon ai dama na faɗa. Nan zuciya ta ɗebe ni. Baturen ya ce wa matar gobe ma za a yi ruwa, ni kuwa na ce wa Inno cewa ya yi tun ranar da ta fara shigowa shagonsa bai sake cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Ya ce mariƙin laimar ya tsage, na ce cewa ya yi yana roƙon Allah kada laimar nan ta taɓa gyaruwa. Mamanki tana karanta Larabcin, ta toshe baki da gyale. Ke kuma kika ajiye farantin a hankali kika shige ciki, don kin san ba Baturen ke magana ba. Inno ta share hawaye, ta ce ashe Turawa ma sun iya so.

Ban san za ta gayyato matan bene gaba ɗaya Juma'ar da ta biyo baya ba, tana cika baki za su ga fim ɗin da babu irinsa. Husaini ya dawo, ya zauna a wurinsa, ya fassara gaskiya: gobe za a yi ruwa, mariƙi ya tsage. Awa uku tsohuwa tana cewa su jira, maganar tana zuwa, har baƙinta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna ƙunshe dariya. Na kunyata ta a gaban sa'o'inta, Mastura, kuma abin yana ƙona mini rai fiye da rufe ƙofar. Husaini ya kawo mini hukuncinta har shago: mutumin da zai sa magana a bakin wani ko ido bai ƙifta ba, jikarta ba za ta taɓa sanin ranar da yake faɗin gaskiya ba. An ce yanzu mai mukayyif take kirana. Tana da gaskiya.

Amma ki ji ni da kyau, farin cikin raina, ban rubuto don in yi kuka ba. Zan bari in rasa ki saboda Baturen da ko sunanki bai sani ba? Halas, magana ta ƙare, na yanke shawara. Juma'ar nan bayan la'asar zan hawo benenku da wannan fim ɗin dai, ba wani ba. Husaini ya zauna a gefena ya zama shaida. Zan fassara wa Inno shi daga farko har ƙarshe, in Baturen ya yi maganar ruwa in yi maganar ruwa, in ya yi shiru in yi shiru, ko da shirun zai kai mu magariba. Idan fim ya ƙare zan durƙusa in nemi gafararta, in gaya mata cewa kalaman da suka sa ta hawaye ba ƙarya ba ne, mai su ne ya ɓuya. Nawa ne, kuma jikarta nake nufi. Sannan in nemi izini kawuna Usuman ya taso daga unguwar Mahjar da manyanmu neman aurenki. In ba a buɗe mini ba, zan dawo Juma'a ta gaba, da wadda ke bin ta, har sai an buɗe ko Inno da bakinta ta ce in daina.

Na sake kallon fim ɗin jiya, na ga ƙarshensa da sabon ido: matar ta shiga jirgin ƙasa, shi kuma yana tsaye a ruwa rungume da laimarta, bakinsa gum. Da ina ce masa mai zurfin ciki. Yanzu na gane matsoraci ne, kuma shekara biyu na yi ina koyi da shi. Ki ce wa Ruba ta ƙara ƙuri'ata a jerinku.

Ga dalilin Hausar. Ina so ki zauna kusa da kunnen Inno ki karanta mata wannan takarda, ko da kina tuntuɓe, ko da kunya za ta kashe ki, don ta ji maganata babu mai fassara a tsakani. Kada ki rage komai. Kada kuma ki ƙara, kin dai ga inda ƙari ya kai ni.

Naki, a yau da ƙofa take rufe da ranar da za a buɗe ta, wanda ba zai taɓa tsayawa shiru yana kallo ki tafi ba,

Mus'ab