Surukin Cikin Waya

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Wata na biyar ke nan a Akara, unguwar Nima. Ɗakin Kawu Balarabe, ƙanen Inna, shi yana kasuwa wajen albasa, ni ina nan da iyafis a kunne. Aikin bai canza ba: kamfani su turo muryoyin mutane suna Hausa, in saurara, in rubuta abin da suka ce kalma da kalma. Ban taɓa ganin fuskar kowa a kamfanin ba. Amira, mai raba mana aiki, a rubuce kawai na san ta. Da na gaya mata iyakar karatuna firamare, ta ce ita kunne take nema.

A gida Mafara sabis ne ya kore ni, yau akwai gobe babu. Nan ko a bayi ka shiga yana nan.

Hamdiyya, wadda zan aura, ta kira bayan la'asar. Wai albasar babanta a Bakolori ta fara kai. Ta ce, "Kai da ka gudu ka bar mu da sauro, yaushe za a ga ƙeyarka?" Na ce bayan Sallah, da akwatunan lefe. Ta ce ita dai ƙeyar ta tambaya.

Alhamis, 18 ga Janairu

Yau muryar wani tsoho aka turo, da ji ɗan wajen Maradun ne. Shi da abokinsa suna ta gaisuwa, gida, gona, shanu, gajiya, su koma farko. Na rubuta duka. Har na ji ƙamshin kasuwar Talata.

Akwai wani tsoho a bakin layinmu, Baba Sanusi mai gyaran fanka. Kullum sai ya ce, "Ɗan Najeriya, ka cire abin nan a kunne ka gai da mutane." Ina ɗaga masa hannu.

Asabar, 27 ga Janairu

Malam Mamuda, mahaifin Hamdiyya, ya rasu. Ya faɗi a gona yana ban ruwa. Ummulkhairi ƙanwata ta kira ta gaya mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 28 ga Janairu

Inna ta ce in taho Bakura, garin su Hamdiyya. Kawu ya ce akwai motar da ta sauke albasa za ta koma, in na shiga zan iske ana zaman makoki ko da na bakwai ne. To amma jiya ɗin nan Amira ta turo babban aiki, ta ce wanda ya gama a makon nan shi za a riƙe har ƙarshen shekara. A hanya babu caji, babu sabis. In aikin ya tafi, da me zan yi lefen? Don Hamdiyya nake yi ai.

Na zauna na yi ta'aziyya a waya. Na ɗauka, na goge, na sake ɗauka, har ta fito yadda nake so. Na ambaci kirkinsa, na yi addu'o'i, ban bar kowa a gidan ba. Na tura wa Ummulkhairi na ce ta shiga cikin gida wajen mata ta kunna da ƙarfi, kowa ya ji ban manta ba.

Ta ce, "Yaya, ka tabbata?" Na ce yi dai.

Talata, 30 ga Janairu

Ta kunna. Sai da na matsa mata ta faɗi yadda aka yi. Wai mahaifiyar Hamdiyya ta sunkuyar da kai. Da muryar ta ƙare wata gwaggonsu ta ce, "Wanga shi na surukin namu na cikin waya? To ku shimfiɗa mai tabarma, ku aza wayar bisa, ku kawo mata hura." Wasu suka yi dariya a cikin mayafi. Hamdiyya ta tashi ta fita.

Na tambayi su wa ke zaune a waje tare da maza. Ta lissafa, ta ce har da Surajo. Na san shi, gonarsa ce ke jikin ta Malam Mamuda. Shi ya ɗauko shi daga gona a kan babur. Da shi aka yi haƙar kabari. Tun ranar bai bar tabarmar ƙofar gidan ba sai in zai je ya sakar wa albasar marigayin ruwa.

Surajo da ko gaisuwa ba ya iya jerawa.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

An riƙe ni a aikin. Amira ta turo hoton tafi.

Hamdiyya ba ta ɗauka.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Yau ta ɗauka. Mun gaisa sosai, gaisuwar baƙi. Na fara bayani, aiki, hanya, lefe. Ta bari na gama, ba ta katse ni ba, da ma ba halinta ba ne.

Ta ce, "Misbahu, na ji saƙonka, ya yi daɗi, babu wanda ya iya magana kamar kai. Amma da anka hito da Baba, na leƙa ta zaure ina duba masu ɗauka. Na san ba ka nan, kuma duk da haka sai da na duba."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta yi, tuntuni. Ta ce ba wanda ya sa ta, kada in zargi kowa, ita ta ce Surajo ya turo manyansa. Sai ta ce in gai da Kawu.

Na mayar da iyafis na ci gaba da aiki. Wata mata ce ke cinikin tumatir. Na yi ta maimaita ta ban ji abin da take cewa ba.

Litinin, 18 ga Maris

Azumi. Kawu ya ce na rame kamar kara, wai ko kamfanin nawa a waya suke turo abincin ma. Akwatunan da na saya suna saman kwaba, ɗaya cikin ɗaya. Na juya su suna kallon bango.

Na sake sauraron ta'aziyyar nan tawa. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta.

Juma'a, 19 ga Afrilu

An ɗaura auren Hamdiyya da Surajo bayan an sauko daga masallaci. Ummulkhairi ba ta turo hoto ba, Allah ya yi mata albarka.

Alhamis, 9 ga Mayu

Baba Sanusi mai fanka ya rasu ranar Litinin. Ban san shi ba sosai, hannu kawai nake ɗaga masa. Na fito sayen koko na ga an kafa rumfa. Na koma ɗaki na ajiye waya a kan katifa, ban san dalili ba, na fito.

Makabartar da nisa. Da aka sauke makara daga mota na sa kafaɗa. Ashe da nauyi, tsoho ɗan firit haka. Ƙarfen ya ci mini fata, har yanzu wurin na zafi in na ɗaga hannu.

Na zauna a rumfar har jiya. Ban ce komai ba, sai amin in an shafa. Ruwa ya sauko muka matsa ciki muka takure. Ɗansa, wanda ko sunana bai sani ba, duk sanda ya ɗago kai sai ya dubi inda nake, ya ga ina nan, ya mayar da kai. Jiya da za a tashi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Amira ta turo saƙonni, ina ka shiga. Na ce rasuwa aka yi mana. Ta ce ɗan'uwa ne? Na ce maƙwabci.

Na tambayi Kawu yaushe motar albasa za ta koma gida. Tambaya kawai na yi. Ya ce jibi, ya dube ni, ya ce in Hamdiyya ce ai ta tare. Na ce na sani. Mahaifiyarta dai tana nan Bakura, kuma har yau ban yi mata gaisuwa ba.

Na wanke farar rigata, tana kan igiya. Allah ya sa ta bushe kafin jibi.